Fuskar Baba Bukar a Allon Kurkunu

Ku da kuke zane a kwamfuta da wayar hannu, na ji abin da kuke cewa, wai yanzu aikin ya zama wasa. Ka ɗango launi daga hoton mutum, ka shafa a fuskar da ka zana, in ka ɓata ka danna ka koma baya. Na zauna na kalli yadda kuke yi, kuma abin ya burge ni ƙwarai. Da na samu irin wannan a zamanina, da kananzir ɗin da na ƙarar wajen goge kuskure ya ishe ni kunna fitila har tsufana. Sai dai fuskokin da kuke nuna mini da yawansu toka-toka suke, kamar mutumin ya yi birgima a murhu. Ku matso in ba ku labarin yadda na koyi kallon fatar mutum, kowa ya ɗauki abin da zai yi masa amfani.

Sunana Haruna, a nan Haɗeja aka haife ni. A farkon shekarun tamanin mahaifina ya kai ni wurin Malam Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, wanda yake koyarwa a wata firamare da safe, da yamma kuma ya buɗe rumfarsa kusa da tashar mota yana rubuta alluna. Masu kemis, masu shayi, masu aski, direbobin manyan motoci, duk wurinsa suke zuwa. Kayan aikinsa ba su da yawa: fentin mai a gwangwanaye, kananzir na tsinka shi, buroshi manya uku, ƙanana kuma shi yake ɗaure abinsa da gashin wutsiyar akuya. A gwangwanayen madara muke haɗa launi. Wata shida na yi ina wanke buroshi da shafa farin fenti a katako kafin ya bar ni na taɓa fuskar mutum.

Aikin farko da ya ba ni allon wani mai aski ne, kawuna shida, kowanne da irin askinsa. Na zana su da fensir, ya duba ya ce ba laifi. Da na zo kan fata sai na buɗe baƙin fenti, na ɗiga masa fari kaɗan, na shafe kawunan nan duka shida. Na ja baya ina jin daɗi. Malam ya zo ya tsaya a kaina.

“Haruna, a ina ka taɓa ganin mutum mai wannan launin?”

“Malam, ai mu baƙaƙe ne.”

Ya kama hannuna ya fito da ni rana, ya ɗora murfin gwangwanin baƙin a kan damtsena. Ya ce in duba. Na duba, sai ga fatata kusa da murfin nan ta koma kamar jar ƙasar da aka yi wa yayyafi. Akwai ja a ciki, akwai rawaya, inda rana ta bugi gwiwar hannuna kuma wani shuɗi-shuɗi ne yake ƙyalli. Ya juya mini tafin hannuna, shi ma launinsa daban. Daga nan ya ɗauki gwangwanin baƙin ya kulle a akwatinsa, ya ce ba zan sake ganinsa ba sai na iya fitar da fatar kowane mutumin tashar nan da ja, da rawaya, da shuɗi, da fari.

Haka aka yi. Ja da rawaya nake fara haɗawa su ba ni ruwan lemo, sai in riƙa ɗiga shuɗi har ya kwanta ya zama ruwan ƙasa. In mutumin wankan tarwaɗa ne, rawayar ta fi yawa. In mai duhu ne, in ƙara ja da shuɗi tare. Gwangwani uku ake haɗawa ga kowace fuska: na ainihin fatar, na inda inuwa ta faɗa, da na inda haske ya sauka. Inuwa da shuɗi da ja ake yin ta, don baƙi yana kashe fata nan take. Haske kuwa, in ka sa zallar fari mutum zai fito kamar ya shafa alli. Goshin mai duhun fata sararin sama yake ɗaukowa, saboda haka hasken goshinsa sai da ɗan shuɗi. Ƙarƙashin haɓarsa kuma ƙasa ce take mayar masa da haske, sai ka sa masa ɗan ja-ja mai ɗumi. Ku da kuke ɗango launi ɗaya daga kumatun mutum ku shafe masa fuska gaba ɗaya, abin da kuke rasawa ke nan. Fuska ɗaya tana ɗauke da launi ya fi biyar, wuya daban, kumatu daban, gefen ido daban.

Wani abin kuma, Malam ba ya yarda a ɗora fata a kan farin allo. Sai mun fara shafe wurin da ruwan ƙasa mai sauƙi. Ya ce farin yana ruɗar ido, duk launin da ka sa kusa da shi za ka ga ya yi duhu, sai ka yi ta ƙara fari har fuskar ta koɗe. Na lura ku ma da farin shafi kuke farawa. Ku gwada rage masa haske tukuna ku gani.

Wani direban babbar mota ya taɓa kawo mana ƙyauren bayan motarsa, yana son ɗan dambe a jiki. Na zauna kwana biyu ina ƙawata ido da gashin baki da layun damtse. Malam ya ɗauko tsohon madubin mota da yake ajiye da shi, ya ce in juya baya in kalli zanen ta ciki. Abin da na gani ya ba ni kunya. Ɗan damben nan ya karkace kamar zai faɗi, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, nauyinsa bai sauka a kowace ƙafa ba. Ya sa na goge duka. Ya ce in fara zana shi kamar inuwarsa a jikin bango, babu ido babu baki. In daga inuwar aka gane ɗan dambe ne, to zane ya tsayu, sai a sa masa fuska. In ba a gane ba, ko ka sa masa ido irin na zinariya aikin banza ne. Ku kuna da abin da yake juya muku zane hagu zuwa dama da dannawa ɗaya. Mu sai da madubi da murɗa wuya. Ku riƙa amfani da shi.

Shekarar da ruwa ya ƙi, a tsakiyar shekarun tamanin, ita ce ta fi kowace wuya. Kogi bai hau fadama ba, shinkafa ta ƙone a tsaye, masunta suka rataye tarunsu. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ba ya tunanin allon shago. Ga shi fenti ya ɓace a kasuwa, wanda ake samu kuma tsararo ne, ka shafa sau uku katako yana leƙowa. Da yawa daga masu irin aikinmu sun bar shi a shekarar nan. Malam Bitrus ya ce mu ba za mu zauna hannu ya sangarce ba. Ya sa aka kawo mana ƙaro daga wajen Birniwa, muka jiƙa shi don ya riƙe launi, muka riƙa daka jar ƙasa da farar ƙasa muna tankaɗewa, muka samo shuni a wurin marina. Da wannan muka yi ta zana wa makarantu hotunan koyarwa a jikin kwali: manomi, makiyayi, mace tana daka, sassan jikin mutum. Wasu malaman da kwanon gero suke sallamar mu, muna godiya. A nan na gane jar ƙasar bakin kogi, in aka haɗa ta da shuni kaɗan, ta fi duk wani fentin gwangwani kama da fatar mutanenmu. Ko bayan fenti ya dawo, ina ajiye dunƙulenta a rumfa ina gwada haɗina da shi.

Bayan shekarar da kaɗan Malam ya yi ritaya ya koma garinsu. Ya bar mini rumfar da buroshinsa da madubin nan, ya kuma zaga da ni wurin masu kawo masa aiki ɗaya bayan ɗaya yana cewa, “Ga Haruna, hannuna ne.” Duk abin da na ci a sana’ar nan daga wannan zagayen ya fito. Allah ya saka masa.

Aikin da ya fi koya mini hankali ya zo ne a farkon shekarun casa’in, ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba. Wata ma’aikaciyar lafiya, Malama Saratu, ’yar Filato ce amma ta daɗe a Haɗeja har Hausarta ta fi tawa daɗi, ta zo rumfata da wasu takardu a naɗe. Aikinta yaƙi da kurkunu ne, tsutsar nan da ake sha a ruwan kududdufi, bayan kusan shekara ta huda ƙafar mutum ta fito, ta kwantar da shi daidai lokacin noma. Ta warware takardun. Hotuna ne da aka bugo daga nesa, ana nuna yadda ake tace ruwa da ƙyalle. Mutanen ciki fatarsu kamar ɓawon lemo, ga wando da takalmi sau-ciki.

“Malam Haruna,” in ji ta, “na kai waɗannan ƙauyukan bayan Baturiya, sun kalla sun ce ai wannan ciwon mutanen birni ne. Wata tsohuwa ma ta roƙe ni ɗaya ta liƙa a ɗakinta don ado. Ina son mutanen da za su gani su ce mu ne.”

Na ce sai na je na gan su tukuna. Muka tafi ranar kasuwar wani ƙauye, rabi a mota rabi a kwalekwale. Na sami gindin wata tsamiya na zauna da littafina ina zana duk wanda ya gifta: yadda mata suke ɗaura zane, yadda maza suke naɗe wando zuwa gwiwa, yadda ƙafar wanda ya fito daga ruwa take ƙyalli sama, ƙasa kuma laka ta bushe ta yi fari. Akwai wani masunci dattijo da yake zaune gaban kwandon kifinsa yana ɗinkin taru. Fuskarsa irin wadda mai zane yake nema ce: faffaɗan goshi, wushirya, tabo a gira ta hagu, ga manyan kunnuwa. Na zana shi har sau huɗu bai sani ba, ni ma ban tambayi sunansa ba.

Da na dawo na raba allon gida biyu. A dama mace tana tace ruwa a bakin randa. A hagu mutum zaune, ƙafarsa a kumbure, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke. Da na zo kan fuskar mai ciwon sai na buɗe littafina na ɗauko ta dattijon nan kamar yadda take, har tabon girar. Fatarsa ta ba ni aiki, don mai duhu ce sosai kuma rana da ruwa sun gasa ta. Sai da na haɗa gwangwani biyar. Da na gama, ni kaina na san ban taɓa yin fuska mai rai kamar wannan ba. Malama Saratu ta yaba, aka kai allon aka kafa a gindin tsamiyar kasuwar.

Bayan kasuwa uku sai ga ta a rumfata, ko zama ba ta yi ba.

“Malam Haruna, ka san wanda ka zana?”

Na ce wani masunci ne na gani.

“Sunansa Bukar. Bai taɓa yin kurkunu ba tun da aka haife shi. Yanzu yara suna bin sa suna kiran sa mai tsutsa. Mata sun daina sayen kifinsa, wai da ƙafar nan yake shiga ruwa. Kasuwa biyu kifinsa yana ruɓewa a kwando. Bulaman garin ya sa an cire allon, ya ce kada in sake kawo musu komai, har ƙyallayen tacewar sun ƙi karɓa. Ga damina ta kusa.”

Washegari na ɗaure gwangwanayena da buroshi a buhu muka koma. Bulaman garin, wato mai unguwarsu, ya karɓe mu a zaurensa fuska ba walwala. Allon yana jingine a bango an juya masa baya. Aka aika aka kira Bukar. Ya shigo ya zauna, na durƙusa na gaishe shi.

“Baba, ni ne na yi zanen nan. Ban nemi izininka ba, kuma na ɗora maka ciwon da ba ka da shi. Na zo ka yafe mini, in goge fuskar a gabanka.”

Bukar ya ce a juyo allon. Ya tashi ya tsaya a gabansa, ya sa yatsa ya taɓa tabon girar da na zana, ya taɓa nasa.

“Yaro, kai ka yi wannan da hannunka?”

“Ni ne, Baba.”

“Ko matata da ta gani sai da ta duba ƙafata.” Mutanen zauren suka yi dariya, shi bai yi ba. “Ka cuce ni, amma ka iya. To in ka goge ni, wa za ka sa? Duk wanda ka sa, shi ma haka za a yi masa.”

Na ce ba kowa zan sa ba. Zan ɗauki goshin wani, hancin wani, bakin wani, in juyar da kansa gefe yana kallon ƙafarsa, yadda kowa zai ga ɗan garin ne amma ba wanda zai ce wane ne. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan. Ku ma ku riƙe wannan in kuna ƙirƙirar mutum a zane: ku kalli mutane goma, ku fitar da na sha ɗaya.

Bukar ya gyaɗa kai. Sai ya nuna ɗaya gefen, inda mace take tace ruwa.

“Wannan kuma wa ya ce muku a gida ake shan kurkunu? Ruwan gida na rijiya ne. A gona ake shan sa. Mutum yana noma ƙishi ya kama shi, ya durƙusa a kududdufi ya sha. Matar nan da randarta ba ruwanta da wannan. Namiji za ku sa, da gorarsa, a bakin kududdufi.”

Malama Saratu ta juyo gare shi. Ta ce, “Baba, shekara biyu ina wannan aikin ba wanda ya faɗa mini haka.”

“Ba ki tambaya ba, ’yata.” Ya juyo gare ni. “Tunda fuskata ta riga ta shiga allon nan, in ka cire ta gaba ɗaya cewa za a yi kunya ce ta sa. Ka ɗauke ta daga wurin mai ciwo ka mayar wurin mai tacewa. Kowa ya san ban taɓa yi ba, to bari su ga dalili.”

Bulama ya ce in Bukar ya yarda shi ba shi da ta cewa.

Kwana uku na yi a garin. A inuwar tsamiyar nan na yi aikin, rabin gari a tsaye a bayana. Na goge mai ciwon na sake shi, na shafe matar da randarta, na zana Bukar a durƙushe da gorarsa, ƙyalle a ɗaure a bakinta. Wannan ne karo na farko da na zana mutum yana zaune a gabana yana gyara mini. Ya ce na yi masa wuya da haske, wuyan masunci ya fi fuskarsa duhu don kullum a sunkuye yake rana tana dukan ƙeya. Na duba, gaskiyarsa. Ya ce yatsunsa kuma sun fi haka fari, ruwa ya cinye su. Nan ma gaskiyarsa. Ganyen tsamiya yana jefa masa wani kore-kore a kafaɗa, na sa shi, wata mata ta ce na ɓata, na ce ta ja baya taku goma ta sake dubawa. Ta ja baya, ta ce, “Ikon Allah, ya tafi.” Bai tafi ba, zama ya yi a inda ya dace. Da na gama Bukar ya ce kunnensa bai kai haka girma ba, jama’a suka haɗa baki suka ce ya kai.

Shi da kansa ya ɗauki allon ya kafa. A ranar aka raba ƙyallayen tacewa a gabansa, shi ya fara karɓa. Sauran allunan da na yi wa Malama Saratu na wasu garuruwan har wajen Miga duk a kan shawararsa na yi su, namiji a bakin kududdufi, sai dai fuskokin na haɗa su ne. Daga wannan aikin ofisoshin lafiya da na gona suka san rumfata, na yi shekaru ina yi musu zane, har injin buga manyan hotuna ya iso Kano a ƙarshen shekarun casa’in aikin allo ya fara ja baya. Ban yi kuka da shi ba, na riga na ci rabona, alhamdu lillahi.

Bayan damina biyu da kafa allon, ina rumfa da hantsi ina rubuta lambar wata mota, sai ga Bukar da ƙunshin bandar kifi a ganye. Ya shigo Haɗeja sayen zaren taru, ya yi ta tambaya har aka nuna masa wurina. Na shimfiɗa masa tabarma, na tambaye shi kasuwa, ya ce kifinsa ba ya kai azahar. Na tambaye shi kurkunu, ya ce bana waɗanda suka kwanta a garinsu ba su cika hannu ɗaya ba, kuma duk masu taurin kai ne. Na kawo masa ruwa a moɗa daga randata. Ya karɓa, ya laluba aljihu, ya fito da wani ƙyalle da ya sha wanki, ya shimfiɗa a bakin wani kofi da ke gefe ya tace.

Na ce, “Haba Baba, ai ruwan famfo ne.”

Ya shanye, ya matse ƙyallen ya ninke ya mayar aljihu.

“Na sani. Kai ka ɗaure ni, yaro. Duk garin sun san ni da ƙyallen nan. Yanzu ko ni kaɗai ne a tsakiyar fadama, in na kai baki zan sha ban tace ba, sai in tuna ina can gindin tsamiya a durƙushe yara suna kallona.”